Tukunyar da Labbo Ya Liƙe

Labbo mai dalma ya san guba yake narkarwa, likita ya faɗa masa baki da baki, amma ya ɗauki abin nan da hannunsa ya liƙe tukunyar kunun gidanmu da shi don a ce masa surukin kirki. Wannan laifinsa ke nan. Nawa kuwa, na san gaskiya kwana goma sha tara na kama bakina saboda ina son aure. Na fara da wannan ne don kada wata ta karanta rabi ta garzaya ƙasa ta rubuto mini "Allah sarki Anti Sauda". Ba tausayi na zo nema ba. Ku dai karanta.

Abin ya faru a ƙarshen 1987, lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, komai sai an je can, har ciwo idan ya yi tsanani. Shekarata goma sha tara. Gidanmu yana unguwar Nasarawa, ɗaki uku da zaure, da itacen dogon yaro a tsakar gida wanda Inna ta ɗaure igiyar shanya a jikinsa. Baba, Malam Dikko, manomin albasa da shinkafa ne, mutum mai ƙarancin magana. Yayata Hauwa'u tana aure a Augie. Ni kaɗai na rage a gaban Inna, kuma kullum sai ta tuna mini, kamar ni ce na hana maza hanya.

"Sa'o'inki duk sun yi goyo," haka take cewa tana tankaɗe. "Ke ko kina nan kina gadin randa."

Sai Allah ya kawo Labbo daga Argungu.

Dogo ne, baƙi, mai wushirya. Ranar da ya fara sallama a zaurenmu ya zo cikin shadda ruwan ƙasa da hula kube, agogo yana walƙiya, turarensa ya riga shi shiga gida. Jan babur ɗinsa kuwa, matan layinmu sun san ƙararsa fiye da yadda suka san kiran sallar la'asar. Sana'arsa ita ce ya sayi mataccen batirin manyan motoci, ya fasa da gatari, ya zaro farantan da ke ciki, ya narkar da su a kasko bisa gawayi, ya zuba a ramuka su fito 'yan dunƙule-dunƙule. Su ne Sarkawa masunta ke ɗaurawa a bakin birgi da taru don ragar ta nutse cikin ruwa. Amma mu a gida ba mu taɓa cewa mai fasa batir ba. Ɗan kasuwa muke cewa. Wanda ya zo da babur ai ba a tona masa sana'a.

Ku 'yan yanzu da kuke kwana kuna shafa waya, mu kaset muke yi. Labbo zai ɗauki muryarsa ya ba direban motar Argungu, a kawo mini a nannaɗe cikin takarda. In shige ɗaki in rage murya in sa a rediyon Baba.

"Sauda, ni na, Labbo. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Baba. Jiya na ga wata atamhwa mai zanen tsuntsu, nic ce wagga ba ta dace da kowa ba sai ke..." Sai tari. Tari mai tsawo, har sai ya kashe rikoda ya sake kunnawa. "Ki yi haƙuri, hayaƙi na."

Nakan mayar da kaset ɗin baya in sake ji, har tarin. Wallahi har tarin daɗi yake yi mini. Wadda bata taɓa yin wannan wautar ba ta yi mini dariya, na ba ta izini.

Inna tana da wata babbar tukunyar ƙarfe da ta gada wurin uwarta. A ciki take jiƙa tsamiya, a ciki take dama kunu, a ciki kunun yake yini ana ɗiba. Tsufa ya sa gindinta ya huje wuri uku, Inna tana ta fama da cusa tsumma. Wata Juma'a Labbo ya shigo gaisuwa ya tarar tana tsugune tana cusawa.

"Inna, mi ya sami tukunya?"

"Tsuhwa, ɗana. Ni da ita duk yoyo muke."

"Haba, ina raye? Ku ba ni ita."

Ya ɗaure ta a bayan babur, ya bi ta tsakiyar layi don kowa ya gani. Mako na zagayowa ya dawo da ita. Bai tsaya toshe huji uku ba, kada a ce ya yi rowa. Narkakkiyar dalmar batir ya malala ya shafe gindin gaba ɗaya daga ciki, ya goge har tana ɗaukar ido. Inna ta cika ta da ruwa, ta ɗaga, ko ɗigo. Yinin ranar duk wadda ta shigo gidanmu, ko aron rariya ta zo, sai an nuna mata gindin tukunya.

"Ku diba aikin suruki. Tun ba a ɗaura ba ke nan."

Baba ya kurɓi kunun farko ya ce kamar ya ƙara garɗi. Inna ta ce ai hannun mai albarka ne ya taɓa. Ni kuma ina bayan ƙofa ina murmushi kamar ni na haƙo dalmar.

Bayan haka da kamar sati uku aka kawo mana Nana yaye. Nana 'yar Hauwa'u ce, ba ta cika shekara biyu ba, uwar ta samu wani cikin, shi ya sa aka ce a kawo ta wurin kaka ta manta da nono, kamar yadda kowane gida ke yi. Ta zo da 'yar riga ja mai tattara, da jigida, da kalmomi kamar goma a bakinta. Tana cewa Inna, tana cewa ruwa, tana cewa akuya, ni kuma Dada take ce mini. Idan Baba ya dawo gona ya ce "ina amaryata", sai ta taho da gudu ta cire masa malafa ta kifa a kanta. Tana ƙirga yatsunta har uku. Ku riƙe wannan, har uku.

Yaron da aka yaye mene ne abincinsa? Kunu. Safe kunu, rana kunu, yamma kunu, in ta yi kuka kunu. Ni ce mai ba ta. Nakan zaunar da ita a cinyata, in ɗebo da ludayi daga ƙasan tukunya inda ya fi kauri, in hura, in ba ta. Daga ƙasa, don ina sonta.

Wata guda ya wuce, na biyu ya shiga. Nana ta daina gudu. Ta daina cire malafa. Sai ta kwana uku ba ta yi kashi ba, ta riƙe ciki tana kuka, tafin hannunta ya yi fari fat. Kalmominta suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har akuyar ta wuce gabanta ba ta ko ɗaga ido.

Amma mu masana ne, mun san komai. Inna ta ce kewar nono ce, duk ɗan yaye haka yake. Maƙwabta suka ce haƙori ne. Wata ta ce fushi take da cikin uwarta. Magani ɗaya kowa ya bayar: a ƙara mata kunu ta saba. Shi ma Baba ciki ya fara murɗa masa, sai ka gan shi ya durƙusa a zaure yana zufa, ya ce shawara ce, ya jiƙa saiwa ya sha, ya kora da kunu.

Katanga ɗaya muke da wasu mutanen Filato da aiki ya kawo garin. Matar, Roda, ma'aikaciyar jinya ce. Ta girme ni da kamar shekara goma, tana shigowa sayen albasa su taɓa hira da Inna. Wata ranar Asabar da hantsi ta shigo, Inna ta tafi barka, Baba yana kwance bisa tabarma a inuwar dogon yaro ya dafe ciki. Ta gaishe shi, ta dubi Nana a cinyata, ta ja fatar idonta ƙasa. Sai ta koma wurin Baba.

"Baba, ka yi mini haƙuri, buɗe bakinka in gani."

Baba ya ji kunya amma ya buɗe. Ta kira ni da hannu. A dasashinsa, daidai inda nama ya haɗu da haƙori, akwai wani siririn layi shuɗi-shuɗi kamar an ja da fensir. Ta ce masa "sannu Baba". Ta ja ni madafi.

"Sauda, a cikin me kuke cin abinci? Akwai mai gyaran batir a gidan nan?"

Na ce babu. Idonta ya sauka kan tukunyar. Ta sa ludayi ta kwashe kunun gefe, ta karce gindin da farcenta, ta nuna mini. Farcen ya yi toka-toka.

"Wa ya yi wannan?"

Na faɗa mata, har da ɗan yanga a muryata, Allah ya yafe mini.

Ta zauna bisa turmi ta yi mini bayani a hankali kamar mai koya wa yaro. Ta ce dalma guba ce, kuma abu mai tsami yana cinye ta, tsamiyar nan kullum tana lasar gindin tukunya tana zuba mana a kunu. Ta ce idan ta shiga jiki ba ta fita kamar sauran abinci, jiki yana ɗaukarta kamar abin gina ƙashi ne, sai ya adana ta, ta hana jini ƙaruwa, ta murɗe hanji, ta kashe jijiya. Babba zai yi ciwon ciki ya rame. Yaro kuwa cikinsa ya fi zuƙarta, kuma kai tsaye ƙwaƙwalwa take nufa, wadda ba ta gama haɗuwa ba.

"Abin da ta ɓata a kan yaro ba ya dawowa, Sauda. Yau ɗin nan a daina. A kai yarinyar Sakkwato a duba jininta. Zan faɗa wa Mama in ta dawo."

Na riƙe hannunta. "Anti Roda, don Allah ki bari ni in hwaɗa mata. Kin san maganar suruki ce, in ta hito bakin baƙo sai ta zama cin huska."

Ta ce, "To. Ni gobe za a tura ni aikin rigakafi ƙauyuka, sati biyu ko fiye. Kin yi alkawari?"

Na yi. Har da rantsuwa.

A lokacin an riga an kawo lefe, akwati uku, Inna ta jera su a ƙuryar ɗaki ta rufe da zane. Atamfa mai zanen tsuntsu tana ciki, da leshi ruwan hoda, da takalmi mai tsini wanda nake sawa in zagaya ɗaki idan ba kowa. An sa ranar biki bayan an tashi daga bikin kamun kifi na Argungu, don lokacin ne Labbo ke cin kasuwarsa. Saura sati uku.

Da la'asar ya zo taɗi. Na fito zaure cikin gyale ruwan goro, na sa kwalli, na shafa hoda, mai zuwa faɗin maganar rai da mutuwa ke nan. Na faɗa masa duk abin da Roda ta ce. Na ɗauka zai yi salati ya miƙe. Sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa yana murza ta.

"Na sani," ya ce.

"Ka san mi?"

"Bara da tari ya matsa min na tahi Sakkwato. Likita yac ce in bar aikin, wai hayaƙin yana cin huhu, wai ko ta baki ta shiga illa ce. Su likitoci ai komi illa na gare su. Ni ga ni, shekara tara ina yi."

"Ka sani, kuma ka zuba muna ita cikin tukunya?"

"Ɗan kaɗan na hwa, Sauda. Kuma maganinta nono. Ni duk na gama narki sai in sha ƙwarya guda, shi ka wanke ta. Ki riƙa ba yarinya nono."

"To ka zo ka hwaɗa ma Inna da bakinka."

Ya matso, ya rage murya, muryar nan ta cikin kaset. "In hwaɗa mata mi? In ce na kawo guba gidan surukai? Kin san Baba. In ya ji likita ya ce huhuna ya taɓu, yana ba ni ke? Kuma magana in ta hita gidanga, gobe tana kasuwar Argungu. Ki yi haƙuri sati ukun ga. Ana ɗaura aure zan sayo ma Inna sabuwar tukunya, babba, in ce tsohuwar ta gaji, in tahi da ita. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda ya rasa komi."

Ba wanda ya rasa komai. Ya tafi ya bar mini turare da kwalin sabulu. Ni kuma na shiga gida, Inna ta tambaye ni me ya ce, na ce yana gaishe ki.

Kada ku ɗauka ban yi ƙoƙari ba, na yi, irin ƙoƙarin munafuki. Washegari na ɓoye tukunyar a bayan buhunan albasa. Inna ta birkice gida har ta gano ta.

"Wa ya kai tukunyata nan?"

"Ni ce, Inna. Na ga kamar kunun ƙaramar ya hi daɗi."

"Ke ji mini ɗiya. Mutum ya ɗauke ta har Argungu ya gyaro, ki ce mu jehwa ta bayan albasa? In ya shigo ya ga ba a amhwani da ita, mi za ya ce? Tun ba ki shiga gidansa ba kin hwara raina hannunsa?"

Kalma huɗu ce ta rage in furta: Inna, akwai guba ciki. Na dubi ƙuryar ɗaki inda akwatuna suke, na haɗiye.

Sai na koma sayen nono wurin 'yar Fulanin da ke zagayowa. In ba Nana kunu, in bi da nono, in ce a raina na wanke. Na daina ɗebo mata daga ƙasa, na koma ɗebowa daga sama, ina jin kaina wata mai dabara. Kaset ya zo daga Argungu: "Amarya, saura kwana goma sha biyu. Kina ba ta nonon ko?" Wani ya zo: "Saura bakwai. Kasuwa ta yi kyau, Sarkawa sun kwashe dalma kaf." Ina ƙirga kwanaki tare da shi. Nana kuwa ta koma kwanciya bisa zanen Inna, in an ɗaga ta ta yi amai, in an kira ta sai ta daɗe kafin ta juyo. Kalma ɗaya ta rage mata. Dada.

Rana ta goma sha tara ita ce ranar sa lalle. Gida ya cika da mata tun hantsi. Hauwa'u ta iso daga Augie da tsohon ciki, ta ɗauki 'yarta ta juya ta, ta ce, "Inna, ya na ga ta lalace haka?" Inna, wadda ba ta kiran sunan 'yar fari, ta ce, "Ke ta Augie, yau kika hwara ganin yaye?" An dama kunu cike da tukunyar suruki, ana ta zagayawa da kofuna, Inna tana ba da labarin gindin a karo na ɗari. Ni ina ɗaki an lulluɓe ni, ƙafafuna cikin lalle an ɗaure da ganye da tsumma, ƙawaye suna tsokanata ina kukan ƙarya irin na amare.

Sai na ji Hauwa'u ta kira sunan Nana da wata irin murya.

Na fito da lallen a ƙafa. Nana tana ƙasa, jikinta ya sandare, idonta ya juye, hannu da ƙafa suna fizga, kumfa a baki. Wata ta ce a kawo tafarnuwa, wata ta ce iska ce a rufe ta da baƙin zane, wata tana neman cokali. Ana cikin haka Roda ta shigo, jiya-jiya ta dawo daga ƙauye, ta zo da kwanon gudunmawa a hannu. Ta ajiye, ta ture mata, ta kwantar da Nana a gefe ɗaya, ta ce kowa ya ja baya. Da fizgar ta lafa ta ɗago kai, idonta ya faɗa kan tukunyar da ludayi a ciki. Ta dubi kofunan da ke hannun mata. Sannan ta dube ni.

Ba ta ɗaga murya ba. "Sauda, ba ki faɗa musu ba?"

Inna ta ce, "Hwaɗa muna mi?"

A nan na faɗa. A tsaye, lalle yana tsattsagowa tsakanin yatsun ƙafata, gaban matan Nasarawa da na Badariya da baƙin Augie. Na faɗi maganar Roda, na faɗi ta likitan Sakkwato, na faɗi nono, na faɗi sati uku. Kalmomin da suka gagare ni kwana goma sha tara ba su ɗauki minti biyu ba. Na ga mata suna ajiye kofuna a ƙasa a hankali.

Hauwa'u ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Tambaya ɗaya ta yi.

"Tun yaushe?"

"Kwana goma sha tara."

"Kuma ke ka ba ta da hannunki?"

"Ni ce."

Ta ɗauki 'yarta ta saɓa a kafaɗa bisa cikin nan nata, ta bi bayan Roda suka nufi tasha.

An kira Baba daga zaure. Ya saurara har ƙarshe, hannunsa a kan ciki. Bai dube ni ba. Ya ɗauki tukunyar ya tuntsurar da kunun a gindin katanga, ya ce a tone wurin a binne kada kaji su ci. Ya shiga ɗaki ya fito da akwatunan nan uku ɗaya bayan ɗaya. Ya sa aka kira mota. Aka ɗora lefe, shi kuma ya ɗora tukunyar a sama, a kife, gindinta yana kallon kowa, ya ɗaure da igiyar shanyar Inna. Ya shiga gaba ya zauna.

Waɗanda suka raka shi sun ce a bakin rumfar Labbo a Argungu ya sa aka sauke, kasuwa tana ci, Sarkawa suna tsaye. Labbo ya taso yana "Baba, lahiya?" Baba ya ce, "Ga kayanka. Ga kuma aikinka. Ka hwaɗa ma mutanen ga abin da likita ya hwaɗa maka, ko ni in hwaɗa." Labbo ya tsaya yana murza hula. Baba ya faɗa.

Nana ta yi sati biyar a asibiti a Sakkwato. Sun yi mata allurai masu janyo dalma daga jini, ta rayu. Likitan ya tambayi Roda tun yaushe aka gane, ta faɗa masa. Ya ce da an kawo ta a lokacin, kafin ta kai ga fizga, da akwai abin da za a ceto. Roda ba ta so ta maimaita mini ba, ni na matsa mata. Baba ya warke a hankali bayan an daina. Inna ba ta ƙara dama kunun tsamiya ba har ta koma ga Allah, kuma ba ta ƙara ce mini ina gadin randa ba.

Ban yi boko ba, ajin yaƙi da jahilci na shiga daga baya, na koyi karatu don in san sunan abin da na ɗura wa yarinya. Na karanta duk abin da hannuna ya kai. Nono ba ya wanke dalma, ko za ka sha na garke guda. Babu wani "ɗan kaɗan" a cikin ɗan yaye. Hayaƙin batir kuma ba dalma kaɗai ke cikinsa ba, akwai wasu ƙarafan masu dafi, mai shaƙarsu shekara da shekaru suna ɓata masa tsoka a hankali har wani lokaci ta rikiɗe ta zama daji. Har yau ina ganin mata suna kai tukunya a liƙe musu ba su tambayi da me ba, ina ganin ana fasa batir a bayan gidaje yara suna wasa da tokar. In na yi magana a ce Anti Sauda ta cika faɗa. Na cika. Na gwada shiru na ga abin da yake haifarwa.

Labbo ya aiko kaset ɗaya bayan haka. Ban saurara ba, na jefa a murhu. Bai bar narki ba, ya dai koma bayan gari. Cikin shekara biyu hannuwansa suka saki daga wuyan hannu, suna reto, ko hula ba ya iya ɗorawa kansa, aka sayar da jan babur. Tarin ya koma jini. A Sakkwato suka ce daji ne a huhu, a mayar da shi gida. Ya mutu a daminar 1991, satin da ake kiɗa a titi an ba mu jiharmu, yana da shekara talatin da huɗu.

Hauwa'u ta haifi 'ya'ya shida bayan Nana, hidima ta yi mata yawa, na je Augie na durƙusa na roƙa a ba ni ita. Ban yi aure ba. Nana tana dab da shekara arba'in yanzu, ga ta nan zaune kusa da ƙafata ina wannan rubutu. Ni ke yi mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki. Tana ƙirga yatsunta har biyu. Dada take ce mini.